Tsohuwar Land Cruiser 80: yadda ake zaɓenta, da abin da ake gyarawa kafin a ɗaga ta

Duk wanda aikinsa ke kai shi inda kwalta ta ƙare, ko gona ce a fadama, ko rugar da sai an ratsa rairayi, ko ƙauyen da damina ke yanke wa hanya, ya san ba kowace doguwar mota ce motar daji ba. Sabuwar da za ta iya aikin kuwa kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin mutane, shi ya sa ido ke komawa kan tsofaffi. A cikinsu za mu tsaya kan guda ɗaya, Toyota Land Cruiser samfurin 80, wadda aka ƙera a Japan daga 1990 zuwa 1997. Aksul ɗinta na gaba da na baya duk dunƙulallun ƙarfe ne, sifirin ɗinta nannaɗaɗɗe ne a ƙafafu huɗu, kuma na'urorin lantarkinta ba su da yawan da za su gagari bakaniken ƙauye. Lexus LX450 ta 1996 da 1997 ita ce dai aka canja wa riga. Samfurin 105, wanda ya fito daga 1998, bodin 100 ne aka ɗora kan ƙafafu irin na 80, don haka kusan duk abin da za a faɗa nan ya shafe shi.

Tun kafin ka fita nema, raba kuɗinka uku. Kashi biyu na saye, kashi ɗaya na gyara. Motar da ta fi ƙuruciya a samfurin 80 ta doshi shekara talatin, babu wadda za ka saya ka hau hanya ba tare da ta ci wani abu ba.

Wane inji?

Lambar samfurin da ke jikin farantin ƙarfe a cikin bonet ita ke faɗa maka. HZJ80 na ɗauke da 1HZ, injin gas mai lita 4.2 da silinda shida, marar tobo. Ƙarfinsa kusan doki 130 ne kacal, a kan tudu da kaya sai ka yi haƙuri, amma yana jure gurɓataccen mai fiye da sauran, kuma shi ne injin da ke cikin da yawa daga samfurin 70 da ke zirga-zirga a Agadas da sauran yankin sahara, saboda haka kayansa da masu gyaransa ba sa wuya. HDJ80 na da 1HD-T mai tobo, daga 1995 kuma 1HD-FT mai bawul 24. Sun fi gudu da ja, sai dai 1HD-T na da sanannen ciwo, wato metal ɗin kwanrod da ke saurin cinyewa. Wanda ya sayi irinta bai san tarihinta ba, ya sa a sauke tukunyar baƙin mai a canja su tun injin bai fara ƙara ba.

FZJ80 ta fetur ce, injin 1FZ mai lita 4.5. Mai allurar mai, 1FZ-FE, na ba da doki sama da 200, sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa ba bel ba, kuma yana daɗewa. Matsalarsa ƙishirwa. Lita 18 zuwa 22 a kilomita 100 abu ne da aka saba gani, a rairayi ya fi haka, alhali 1HZ na zaga lita 12 zuwa 14. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya zama na farko da za a yi. In tafiyarka ta wata-wata ce, mai fetur ta fi araha wurin saye kuma za ta ishe ka. In kullum kana daji, 1HZ.

Takardu kafin ƙarfe

Hukumar kwastam na da iyakar shekarun motar da za a shigo da ita, kuma motar 1997 ta daɗe da wuce iyakar. Don haka dillalin da ya ce maka “yanzu ta sauka daga jirgi” ya ba ka dalilin ƙara bincike. Mafi yawan waɗanda za ka samu an yi amfani da su a gida, wasu gwanjon gwamnati ne ko na ƙungiyoyin agaji. Nemi takardar biyan kwastam, da shaidar mallaka, da takardar gwanjo in ta gwanjo ce. Lambar shasi a buge take a jikin ƙarfen shasin, ɓangaren dama, kusa da tayar gaba. Goge wurin da tsumma da ɗan fetur, ka gwada ta da ta farantin bonet da ta takarda, harafi bayan harafi. In ka ga alamar gurza ko walda kewaye da lambar, ka yi sallama.

Sai batun sitiyari. HDJ81 ta kasuwar Japan sitiyarinta a dama yake, kuma doka ba ta yarda da irinta a titunan Najeriya ba, sai a mayar da shi hagu. Duba bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba. In akwai faci a dama, ko an huda shasi an ɗaura akwatin sitiyari da ƙusoshin kasuwa, to ranka na rataye ne a kan aikin mai waldar da ba ka sani ba.

A wannan farantin dai akwai lambar aksul. K292 na nufin dif (kumburin tsakiyar aksul da ke raba wa tayoyi biyu ƙarfi) na gama-gari, K294 na nufin ta fito daga kamfani da makullin dif gaba da baya, wanda ke tilasta wa tayoyin aksul ɗaya juyawa tare. Mai K294 ta cancanci ƙarin kuɗi, in makullan na aiki.

Duba motar: fara daga ƙasa

Je da safe, ka kuma gaya wa mai ita kada a tayar da ita kafin ka zo. Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, da tocila, da ƙaramar guduma, da tabarmar da za ka kwanta a kai. Fenti shi ne abu na ƙarshe da za ka kalla, don shi ne mafi arha a cikin abubuwan da ake rufe aibi da su.

Bi shasin da guduma daga gaba zuwa baya. Ƙarfe mai lafiya na amsawa da ƙara mai kaifi, wanda tsatsa ta ci daga ciki sai ka ji buf. Motocin da suka fito daga yankunan Amurka da Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara sun fi ruɓewa a ƙarfen da ya gitta can baya da kewayen tankin mai. Namu na gida tsatsa ba ta cika damunsu ba, tsagewa ce ciwonsu, saboda gargada da lodi. Wuri biyu ne za ka haska sosai: inda akwatin sitiyari ya kama shasi, da mariƙin sandar Panhard, mai hana aksul gocewa gefe, da ke kusa da shi. Sa wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama kana kallo. Tsaga siririya kamar gashi takan buɗe ta rufe a idonka. Ana gyara ta da walda da farantin ƙarfafawa, amma a rage maka kuɗinta.

Yanzu leƙa bayan tayoyin gaba. A kowane ƙarshen aksul akwai wani ƙarfe mai kama da ƙwarya, a cikinsa gaɓar Birfield take, wadda ke juya taya ko an karya sitiyari. Ɗan maiƙo a jikin ƙwaryar daidai ne. In kuwa ka ga baƙin kunu na zuba har cikin taya, sil ɗin ciki ya mutu, man dif ya gauraye da giris. Kwance ƙusar cika man dif na gaba ka tsoma yatsa: mai tsabta na ɗiga, wanda ya gauraye na manne wa yatsa kamar kunun kanwa. A ƙarƙashin ƙwaryar akwai noti huɗu da ke riƙe da hannun sitiyari. Gwada su da sifana. Sukan saki, in suka karye mota na tafiya taya ta bar umarnin direba.

Kada ka tashi daga ƙasan sai ka tabbatar farfela biyu, wato sandunan da ke kai ƙarfin inji ga aksul, na nan, ta gaba da ta baya. Akwai dabarar da ake yi in Birfield ko dif na gaba ya lalace: a cire farfelar gaba, a kulle dif na tsakiya, mota ta ci gaba da tafiya da ƙafafun baya kawai. A cikin gari ba za ka gane ba sai ranar da ka shiga laka. Kama kowace farfela ka girgiza, in kuros na motsi za ka ji ƙwas-ƙwas.

Sai inji. Taɓa shi ka ji da gaske a sanyaye yake. Buɗe murfin lagireto kafin a tayar. Ruwa ja ko kore mai tsabta alama ce ta kulawa. Ruwan ƙasa mai tsatsa na nufin shekara da shekaru ana ɗura masa ruwan rijiya. A tayar da murfin a buɗe: kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa na nuna gasket ɗin tof ya ƙone ko tof ɗin ya tsage. A 1FZ-FE gasket ya fi mutuwa wajen silinda ta shida, can jikin bango. Zaro sandar gwada baƙin mai ka murza a yatsa. In ya yi kauri yana jan zare, an zuba masa abin ƙara kauri don ɓoye hayaƙi da ƙarar metal.

Injin gas mai lafiya na tashi da bugu ɗaya bayan fitilar hita ta mutu, ya yi ɗan hayaƙi na daƙiƙu kaɗan ya washe. Shuɗin hayaƙi mai ɗorewa baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi kuwa nozul ne, ko famfo, ko matatar iska ta toshe, wannan da sauƙi. Fari mai ƙaurin ɗanyen gas na nuna matsi ya yi ƙasa ko taimin ya goce. Bayan inji ya yi zafi, kwance murfin zuba baƙin mai ka aza shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In yana ɗan rawa a wurinsa, babu laifi. In iska ta tunkuɗe shi ya faɗo, ringi sun gaji, ka sa kuɗin buɗe inji a lissafi.

Wurin gwajin tuƙi, nemi fili mai ƙasa. Karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali, hagu sannan dama. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba Birfield ne. Tsaya, sa ƙaramar giyar ogzilari, ka ga ta shiga ba da kokawa ba kuma fitilar dif na tsakiya ta kama. In akwai makullan aksul, murɗa maɓallinsu kana tafiya kamar mai tafiya da ƙafa: fitila za ta yi ƙyafta-ƙyafta, sannan ta tsaya cak in ya kulle. Wadda ta ci gaba da ƙyaftawa ba ta kulle ba. A kwalta kai ta kilomita 80 zuwa 100, ka bi ta kan ɗan rami. In sitiyari ya kama kakkarwa bai daina ba sai da ka rage gudu, bushin Panhard, ko tayarod, ko boris ɗin ƙwaryar aksul sun tafi. Lambar kilomita ta dashbod kuwa kada ka ba ta muhimmanci, robar feda da kujerar direba sun fi ta gaskiya.

Gyaran farko, wanda ba ya burge kowa

Nan ne yawancin masu saye ke kuskure. Mota na zuwa gida sai a wuce wurin manyan tayoyi da fitilu, alhali tiyon ruwan da ke cikinta tun na kamfani ne. A mayar da ita yadda Toyota ta ƙera ta tukuna.

Fara da sanyaya inji, don zafi ne ke kashe waɗannan injuna a ƙasarmu, musamman a watan Afrilu cikin rairayi da ƙaramar giya. A wanke lagireto ko a canja shi in kan robarsa ya koma ruwan ƙasa. A canja tiyo duka, har da ƙananan na hita. A 1FZ-FE akwai wani guntun tiyo da ke ɓoye ƙarƙashin bututun shigar iska wajen silinda ta shida, wahalar kai hannu gare shi ta sa ake tsallake shi, shi ne kuma ke fashewa a daji. Sabon murfin lagireto, sabon famfon ruwa in tsohon na zuba ko yana kuka, sabbin fambel.

A mayar da tamostat. Mun san da yawa daga cikin bakanikenmu na cire shi suna cewa na ƙasar sanyi ne. Ban da buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto, in ya buɗe yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi na zagayawa bai taɓa shiga lagireto ba, da safe kuma inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai yana cin ringi. Fanka ma a gwada ta: kan fankar na da man silikon a ciki, in ya tsiyaye sai ta riƙa juyawa ba ƙarfi. Da inji a kashe bayan ya yi zafi, tura ta da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka, a sake cika ta ko a canja. Sannan a zuba ruwan lagireto na gaskiya. Allurar zafi ta dashbod a masu fetur na zama a tsakiya ko zafin na hawa, sai abu ya ɓaci take motsawa, saboda haka ƙarin agogon zafi mai nuna lamba na cikin abubuwa masu arha da suka fi amfani.

Injin gas a canja masa bel ɗin taimin da abin ɗaure shi ranar da aka saye shi, ko me mai motar ya rantse a kai, daga nan kuma duk kilomita 100,000. In ya tsinke fistin na dukan bawul. Aikin bai kai awa biyu ba a hannun wanda ya iya. A gwada nozul, a daidaita bawul, a canja matatar mai. A gindin matatar akwai wurin tara ruwa da ƙusar tsiyaye shi, ka koyi buɗe ta da kanka, don gas ɗin jarka na bakin hanya ba ya rasa ruwa. Wasu masu gas da suka fito daga Turai na da batir biyu da ke haɗuwa su ba kik bolt 24 lokacin tayarwa kawai. Gaya wa mai waya tun kafin ya taɓa, kada ya ƙona maka kaya.

Sai aksul ɗin gaba a buɗe shi gaba ɗaya: sil na ciki, boris na ƙwarya sama da ƙasa, boris na taya, da shafaffun da ke goge ƙwaryar. Birfield da cikin ƙwarya giris mai moli ake cika musu, baƙin nan, kusan kashi uku cikin huɗu na wurin. Boris ɗin taya kuma nasa giris daban. A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna za a nuna maka kaya hawa-hawa. A sil da boris da bel ɗin taimin kada ka nemi sauƙi, sayi na Toyota ko na kamfanonin Japan irin su Koyo da Aisin, ka kuma duba kwalin da kyau don jabu sun yi yawa. Man dif biyu mai lamba 80W-90 GL-5, man giya, man ogzilari, man birki, duk a zubar a sa sabo. Tiyon birki na roba da ya tsattsage a canja.

Taya, sannan sifirin

In an gama wancan, taya ce gyaran da ya fi canja mota. Girman 265/75R16 ko 235/85R16 na shiga ba tare da an taɓa komai ba, kuma ana samunsu a garuruwa da yawa, abin da ke da muhimmanci ranar da ƙaya ko kututture ya yaga maka guda. Nemi mai alamar LT, mai kaurin gefe. 285/75R16 ta kai kusan inci 33, tana ƙara tsayi, amma ta fi 275/70R16 ta kamfani da kusan kashi 5 cikin ɗari: agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya, birki zai ƙara wahala, 1HZ kuma zai ƙara nauyin jiki. Inci 35 na buƙatar canja haƙoran dif daga 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88, kuma tana cin Birfield. Ga motar aiki ba mu ga amfaninta ba. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu ta mako da shekarar ƙira, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Wadda ta haura shekara shida a bar ta ko da zanenta bai goge ba. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, har da safaya, domin yawancin 80 ƙafa huɗu ke ja koyaushe, bambancin girma na gajiyar da dif na tsakiya. Rim ɗin 80 mai rami shida ne, na 105 biyar, ba sa musanya.

Ɗagawa kuwa milimita 50 ta isa. A zaɓi sifirin gwargwadon nauyin da motar ke ɗauka kullum, ba na ranar da aka fi lodi ba, in ba haka ba za ta riƙa tsalle in babu kaya. Shokazoba su dace da tsayin. Da an ɗaga, aksul ɗin gaba na ɗan juyawa, kusurwar kasta ta ragu, sai mota ta riƙa yawo a titi sitiyari ba ya komawa tsakiya. Maganinsa bushin gyaran kasta a hannuwan da ke riƙe da aksul. A baya akwai bawul mai auna lodi da ke raba ƙarfin birki, sandarsa na haɗe da aksul. In an ɗaga mota ba a daidaita shi ba, sai ya ɗauka babu kaya ya rage birkin baya. Wuce milimita 50 na jawo canjin Panhard, da tiyon birki, da kusurwar farfela, ga saurin kifewa a gangare.

Masu son ɗaura wa 1HZ tobo su sani fistin ɗinsa da tof ɗinsa ba don haka aka yi su ba. In an matsa masa mai, zafin hayaƙi na tsaga su. Wanda ya nace, ya sa agogon zafin hayaƙi ya kuma bar matsin a ƙasa.

Nauyi da kayan fita daga kafewa

Iyakar nauyin 80 da kayanta da mutanenta bai kai kilo 3,000 cif ba a yawancin samfura, ita kanta kuma kusan 2,200 ce. Bambar ƙarfe kilo 50 ko fiye, winci kusan 40, safaya ta biyu kusan 35, kowace jarkar lita 20 kilo 20 da ɗoriya. Ka zuba mutum biyar, ka ga abin da ya rage. Kaya masu nauyi a ƙasa tsakanin aksul biyu, kariyar sama ta katifa da tanti ce. Babban tanki na cin lita 95, wasu kuma na da ƙarami na lita 50 daga kamfani, in ka samu mai shi ya fi jarkoki a kan rufi.

Winci na da amfani a laka inda akwai itacen ɗaurawa, kuma ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kaya. A rairayi shebur, da faranti biyu na shimfiɗa wa taya, da famfon iska mai aiki da batir sun fi shi. Rage iska zuwa psi 16 ko 18 a geji kafin ka shiga yashi, 26 zuwa 28 a burji mai gargada, ka mayar da ita da zarar ka hau kwalta, don taya mai ƙarancin iska na yin zafi ta fashe a guje. Igiyar ja a maƙala ta a ƙugiyar da ke ɗaure da shasi. Ƙwallon jan tirela na karyewa ya taso kamar harsashi.

Bututun shaƙar iska na sama ya fi amfani wurin ƙura fiye da ruwa, musamman lokacin hunturu ko in ana bin bayan wata mota. A gindin gidan matatar iska akwai ɗan kofin tara ƙura, a zazzage shi duk bayan tafiya. Kafin damina a ƙara wa bututun numfashin dif biyu da na ogzilari tsawo da siririn tiyo har cikin bonet, domin dif mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwa ta sil. Bayan kowace ƙetarar rafi mai zurfi, kwance ƙusar dif ka duba. In man ya koma fari kamar nono, a zubar da shi a ranar, a sa sabo.